Jinin da Ya Dawo wa Yaya

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, da mazan da za su daure su karanta har ƙarshe. Sunana Hajara, ɗinki nake yi a cikin garin Gumel. Yau wata huɗu da rasuwar mahaifiyata. Har yanzu idan mai gaisuwa ta ce mini "ciwon ajali ne, sai haƙuri," nakan amsa da "haka ne." Na yarda da ajali, ni Musulma ce. Sai dai an yi sakaci, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko wata za ta tsira.

Ni ce 'yarta ta fari. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, na taso ina ce wa uwata Yaya, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunana ba. Idan ina wurin "ke" nake, idan ba na nan kuma "ta Gumel." Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita mun yi hira mu biyu ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, mutane har yabonta suke yi a kai. Tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Gagarawa Tasha, a gidan ƙanena Sani da matarsa Rabi, don mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

A lokacin shekara shida ke nan da al'adar Yaya ta ɗauke. Kowa a gidan ya sani, don takan faɗa da jin daɗi cewa azumi shida ta yi cur, ba ta sha ko ɗaya ba. Sai ga shi a farkon damina, ana cikin shuka, ta ga ɗan jini a zaninta. Wa za ta gaya wa? Sani ɗa namiji ne. Rabi suruka ce. Ni kuwa ba a ma maganata. Ta yi shiru har ranar Alhamis, ta shiga motar 'yan kasuwa ta tafi Maigatari wurin ƙanwarta, Iya Ladi, mai sayar da man gyaɗa. Ba ta tambayi abin da ya same ta ba. Tambaya ɗaya ta kai: ta yi salla ko ta ajiye?

Iya Ladi ta gaya wa mijinta, mijin ya kai wa malamin unguwarsu. Malam ya ce macen da ta haura hamsin amma ba ta kai saba'in ba, irin wannan mata ake tambaya, su suka san kalarsa da kamanninsa. Idan suka ce haila ce, to haila ce. Ba ni da ƙorafi a kansa. Hukuncin salla aka kai masa, shi ya bayar, kuma da na bincika daga baya an ce mini haka maganar take. Babu wanda ya ce masa ga mara lafiya.

Aka tambayi mata kuwa. Yaya ta dawo gida ta kira Iya Tabawa, tsohuwar ungozomar da ta yanke mini cibiya, da wasu tsofaffi biyu. Suka shiga ɗaki suka saki labule, suka tambayi kala, suka tambayi wari. Rabi tana tsakar gida tana jin Iya Tabawa tana dariya tana cewa, "Haila ce, mantuwa ta yi ta dawo ɗauka. Ai Mairo ta gidan maƙera ma haka ta yi, ta daɗe da tsayawa abin ya dawo mata." Magana ta ƙare a nan. Sai bayan komai ya lalace na tuna cewa Mairon nan da suka kafa hujja da ita ba ta ga wata daminar ba, aka ce ciwon baya ne ya kashe ta.

Daga ranar Yaya ta ɗauki abin a matsayin haila. Idan jinin ya yi ƙarfi ta ajiye salla kwana bakwai, wani watan har goma. Idan ya lafa ta yi wanka ta ci gaba. Ita a ganinta ta yi abin da ya kamata, ta tambaya an ba ta amsa.

Ni ban ji labari ba sai lokacin ɓarar zoɓo. Na je ƙauye na tarar da mata sun kewaye tulin zoɓo a tsakar gida, hannun kowa ja, zanin kowa ja. A wannan lokacin ko rago aka yanka a kan cinyar mace ba za ka gane ba. Aka kira la'asar, kowa ta tashi alwala, Yaya tana zaune ba ta motsa ba. Na dubi Rabi. Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Anti Hajara, ai Inna ta koma budurwa. Saura mu fara tara kayan ɗaki."

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya har da tafa hannu. Na lura Yaya ta rame, na ga leɓenta ya yi fari, na ce a raina wahalar kaka ce. Da na koma Gumel na tattara ragowar yankan atamfa masu laushi, na ɗinke su na ninke, na aika wa Rabi ta ba ta ta yi ƙunzugu, kada ta ce daga wurina suka fito. Taimakon da na yi wa uwata ke nan. Ina zaune a garin da asibiti yake, tafiyar ƙafa daga ƙofar gidana, na aika mata tsummoki.

Bayan kaka abin ya sauya. Jinin ya daina bin wata, ya koma zuwa duk lokacin da ya ga dama, wani lokaci guda-guda kamar hanta. Idan ya ɗauke sai wani ruwa-ruwa mai wari ya biyo baya. Yaya ta shiga turara ɗakinta safe da yamma, Rabi tana tsammanin son ƙamshi ne ya zo mata da tsufa. Ta hana kowa taɓa wankinta, a ɗaki take shanya. Baya ya riƙe, aka ce zaman zoɓo ne. Iya Ladi ta aiko da bagaruwa a tafasa ta riƙa zama a ruwan, da wasu ƙwayoyi masu jan kwali da aka shigo da su daga Nijar, rubutun jikinsu ba wanda ya iya karantawa a gidan. Mai kemis na bakin tasha ya ba da maganin ƙarin jini da allurar tsayar da jini, ba tare da ya ga mara lafiyar ba, Sani ne ya je ya ce masa "tsohuwa ce ba ta jin ƙarfi." Allurar takan yi kwana uku tana aiki. Kowa ya ce alhamdu lillahi an samu sauƙi.

Wata na tara da farawa, da hantsi, ta tashi daga kan turmi za ta shiga ɗaki ta yanke jiki ta faɗi. Rabi ta kira ni tana kuka, ba na ma gane abin da take faɗa. A ƙaramin asibitin da suka fara kai ta, ma'aikacin ya ja fatar idonta ƙasa, ya dubi tafin hannunta, ya ce kada su sauke ta daga mota, su wuce Gumel. A bakin ƙofar asibiti na tare su. Zanin da aka naɗe ta da shi ya jiƙe har kujerar motar, direba yana ta mita. Ban san lokacin da na ce masa ya rufe mana baki ba.

Satin farko na neman jini ne. Layin kati daban, layin awo daban, layin biya daban, kowace taga ka je a ce ba nan ba ne. Aka ce jininta ya kusa ƙarewa, sai leda uku. Sani ya bayar, maigidana ya bayar, ta ukun wani maƙwabcinmu mai gyaran babur ya bayar, mutumin da ko gaisuwar kirki ba na yi masa. Allah ya saka masa da alheri. Dangin da suka cika ɗakin da kwanukan abinci kuwa, da aka ce a zo a gwada jininsu, kowa ya tuna yana da ciwon shawara ko hawan jini.

Da ta farfaɗo aka ce likita zai duba ta ta ƙasa. Nan aka yi ta. Yaya ta ƙanƙame zaninta ta ce yaron nan bai fi Sani ba, ita a mayar da ita gida. Kwana biyu ana abu ɗaya. A rana ta uku na ja kujera har bakin gadonta na zauna, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Yaya, tun yaushe kike zubar nan?"

Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Ke, a kira mini Ladi."

"Iya Ladi tana Maigatari. Ni ce a nan."

"Ba maganarki ba ce."

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Maganar wa ce? Ta Iya Tabawa? Ga inda ta kawo mu ai. Jinin mutum uku ne a jikinki, Yaya, kuma yana bin zani yana fita. Kunyar nan za ki ci ko za ki sha?"

Masu jinyar ɗakin duk suka zuba mini ido. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Hawaye kawai na ga yana gangarowa cikin kunnenta. Har gobe idan na tuna sai na ji kunyar kaina, amma da za a mayar da ni ranar, da na sake faɗa.

Wata nas ce ta raba mu, 'yar Sule Tankarkar, mace mai sanyin murya. Ta kore ni waje, ta durƙusa ta gaida Yaya kamar a gida. Ban san me ta ce mata ba. Na dai ji ƙarshen daga bakin ƙofa: "Inna, ni zan riƙe ki, zan rufe miki fuska da mayafinki, ba za ki gan shi ba." Da haka Yaya ta yarda. Duk inda baiwar Allahn nan take, Allah ya rufa mata asiri duniya da lahira.

Likita ya kira ni ni da Sani ofishinsa. Ya tambayi tsawon lokacin, na ce wata tara. Ya ce ina muka kai ta a wata taran nan? Sani ya ce ai an tambaya. Ya ce wa aka tambaya? Sani ya sunkuyar da kai ya ce malam, da tsofaffin unguwa. Likitan ya ajiye biro. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Macen da ta shekara ba ta ga al'ada ba, ko ɗigo ɗaya ta gani bayan nan, ba al'ada ba ce. A kawo ta a satin. Sau da yawa ba wani abu ba ne, amma mu ne za mu faɗi hakan." Maganar nan ta zauna mini daram, ko a barci aka tashe ni zan maimaita ta.

Suka yanki ɗan nama aka aika Kano. Sati uku muna jira, ana ƙara mata jini yana zubewa. Sani ya kai buhunan riɗinsa Maigatari ya sayar tun farashi bai tashi ba, har da wanda ya ware na iri. Ni na rabu da keken ɗinkina na biyu. Sakamako ya dawo: ciwon daji ne a bakin mahaifa.

Kalmar nan tana fita, masu shawara suka yi mana caa. Wannan ya ce ciwon daji ba ya son allura, allurar asibiti ce ta tunzura shi. Waccan ta ce jifa ce, a nemi mai karya sammu. Iya Ladi ta ce akwai wani mai magani a ƙetaren iyaka, kwana bakwai yake yi ya zubar da shi ta bayan gida. Sani ya fara karkata, don aljihunsa ya huje kuma tsoro ya kama shi. Muka yi cacar baki a gindin bishiyar asibiti har na ce masa idan ya fitar da ita zuwa wurin wani boka, ni da shi sai a lahira. Ya yi fushi ya tafi. Washegari ya dawo da motar da za ta kai mu Kano.

Kano kuwa sai wanda ya je. Kwana biyar muka yi a baranda kafin a samu gado. Likitan da muke nema rana ɗaya yake gani a sati, idan layi bai kai kanka ba sai wani satin. Aka yi hoto, aka sake wani hoton. A ƙarshe wata likita mace ta zaunar da ni ta ce ciwon ya wuce aiki, ya bar inda ya fara ya kama maƙwabta, har ya danne hanyar fitsari. Abin da ya rage shi ne a gasa ciwon da na'ura, shi ma ba a nan ba, kuma ranar da za a iya ba mu sai bayan wata uku. Na ce za ta kai? Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ki kai ta inda za ta fi samun natsuwa." Na tambaye ta, da mun zo tun farkon damina fa? Ta ce da labarin ya bambanta. Ban sake tambayar komai ba, ni na jawo wa kaina.

Gidana na kawo ta, don ya fi kusa da inda ake karɓo maganin rage zafi. Matar da ko ruwan gidana ba ta sha idan maigidana yana nan, ga ta kwance a kan gadona. Shi kuwa ya kwashe kayansa ya koma shago, bai taɓa nuna ya gaji ba. Ni nake ɗaga ta, ni nake wanke ta, ni nake sauya ledar da ke ƙarƙashinta. Ranar farko ta rufe idonta gam har na gama. Daga baya ta daina rufewa, ƙarfin kunyar ma ya ƙare. Ƙafafunta suka kumbura, warin ya fi ƙarfin turare, masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wasu 'yan dubiya daga bakin ƙofa suke tsayawa, mayafi a hanci, su ce "sannu Inna" su juya. Ban manta su ba. Ban kuma manta maƙwabciyata da take zuwa kullum da safe ta kwashi zannuwan jini ta wanke ba tare da na roƙe ta ba.

Ban gaya wa Yaya sunan ciwon ba, ba ta kuma tambaya ba. Wata rana bayan azahar, ina shafa mata mai a baya, ta ce, "Ke. Yarinyar nan ta asibiti ta ce wai ba haila ba ce."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

"Tun daga farko?"

"Tun daga farko."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sallolina."

Ban taɓa ganin tashin hankali a fuskarta irin na ranar ba, ko lokacin da ciwo ke murɗa ta. Na ce mata ai tambaya ta yi aka ba ta amsa, Allah ya san niyyarta. Ta ce ita dai ba za ta je da su a wuyanta ba. Ta sa na zauna muka yi lissafi. Da Alhamis ɗin kasuwa take tunawa: daga Alhamis ɗin da aka sayar da akuya zuwa ta gaba, daga wadda Ladi ta zo zuwa Lahadi. Muka tashi da kwana saba'in da huɗu. Na ɗauki allin ɗinki na ja layi saba'in da huɗu a bayan ƙofa.

Haka muka shiga ramuwa. Nakan kawo mata yashi a faranti ta yi taimama, na juya ta ɓangaren dama ta fuskanci gabas. Bayan kowace salla ta ƙara ta ramuwa, idan ta cika biyar na goge layi ɗaya. Ranar da jiki ya yi daɗi takan rama ta kwana biyu, har uku. Ranar da ciwo ya tashi ko ta ranar da ƙyar take yi. Wani lokaci takan ƙi shan maganin rage zafi don yana sa ta barci, ta kwanta tana cije leɓe tana motsa yatsa. Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi kuka, ta yi kunnen uwar shegu da ni. A kwanakin nan ne muka yi hirar da ba mu yi ba a shekara arba'in, yawancinta a kan saura nawa.

'Yan uwana, ga abin da ya sa na tona asirin gidanmu. Ku tambayi malam hukuncin salla, wannan dole ne. Amma ranar da kuka tambaye shi, a ranar ku nemi motar asibiti. Jinin da ya dawo wa tsohuwa ba abin dariya ba ne. Haka wanda ya wuce kwanakinsa, ko ya zo a tsakiyar wata, ko bayan kwanciyar aure, ko mai wari. Kuma idan ke 'yar fari ce, ko suruka, ki daure ki yi rashin kunyar tun tana tsaye da ƙafafunta. Ni ma na yi ta, amma sai a bakin gadon asibiti.

Satin ƙarshe fitsari ya ɗauke, ta daina cin komai, sai ruwa da cokali. Tana farkawa tana komawa. Ranar Talata da hantsi, ana tsananin zafi, ta buɗe ido ta neme ni. Na sunkuya na kai kunnena bakinta.

Ta ce, "Saura nawa?"

Na waiwaya na dubi bayan ƙofa. Layi goma sha ɗaya ne.

Na ce, "Kin gama, Yaya. Jiya kika cika."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta karɓi maganin da ta yini biyu tana ƙi, ta yi barci. Kafin la'asar Allah ya karɓi abarsa, Sani yana riƙe da hannunta ina karanta mata kalmar shahada.

Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar nan ta zama kankarar zunubi, ya jiƙan naku da suka rigaya. Ƙaryar da na yi mata ke nan guda ɗaya tun da ta haife ni. Ban gaya wa Sani ba, kuma har yau ban tambayi kowa hukuncinta ba.